Masu cewa Bature ba shi da asali, ga abin da na gani a Kildonan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu in amsa wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutanenmu, musamman mu mata a wajen biki da suna, wai Bature ba shi da asali, bai san kakansa ba, bai ma damu ya sani ba. Ni tsohuwar malamar makaranta ce, na yi ritaya a Zariya. Ɗana yana aikin mai a Aberdeen, a ƙasar Sikotland da ke arewacin Birtaniya, a can kuma Allah ya haɗa shi da matar da ya aura. Tun da aka ɗaura auren ake jefa mini tambayoyi, wani lokaci da wasa, wani lokaci da gatse: 'yar gidan wa ce, wa ya san tushenta, 'ya'yan da za a haifa ina dangin uwarsu? Shiru nake yi, domin wanda ba shi da hujja a hannu gara ya kama bakinsa. Yanzu na je na gani.

Da na tafi ganin jikana, angon nawa da har yanzu bai iya ce mini komai ba sai murmushi, na tarar surukina, mahaifin yarinyar, ya duƙufa a kan neman tushen gidansu. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, haifaffen Gilasgo, mutum mai ƙarancin magana. Sunan gidansu Sutherland, kuma duk abin da ya gada daga bakin kakarsa bai wuce magana guda ba: mutanenmu 'yan Kildonan ne, korarsu aka yi saboda tumaki. Kildonan kuwa gunduma ce a wani kwari cikin tsaunukan arewacin Sikotland. Ba sunan ƙauye, ba shekara, ba sunan wanda aka kora. Haihuwar jikan ce ta zaburar da shi, ya ce ba zai bar wa yaron magana guda kamar yadda aka bar masa ba. Da ya ce zai ɗauki hanya, na ce ai ƙafata ƙafarka, yaron nan yadda yake naka haka yake nawa. Ɗana ya ja mota, matarsa ta riƙe taswira da jariri.

Edinbara muka fara nufa, babban birninsu, domin a ƙasar nan neman asali daga kan takarda yake farawa. A ƙarshen titin Princes ta gabas akwai gidan adana takardun ƙasa, inda cibiyar ScotlandsPeople take. Tun ranar 1 ga Janairu 1855 doka ta wajabta a rubuta kowace haihuwa da aure da mutuwa a Sikotland, littattafan kuma suna nan jere a wani ɗaki mai ƙubba, hawa biyar, na haihuwa da jan bango, na aure da kore, na mutuwa da baƙi. Ba a miƙa wa mutum littafin a hannu. An ɗauki hotonsu, gaban kwamfuta kake zama kana buɗawa. Mai intanet ko daga Zariya yake zai iya in ya biya 'yan kuɗi, sai dai hoton takardar haihuwa ba ya fitowa a intanet sai ta cika shekara 100, ta aure 75, ta mutuwa 50.

Ni da na sha cika rajistar ɗalibai, takardar mutuwarsu ce ta fi burge ni. Bayan sunan mamaci da ciwon ajalinsa, tana ɗauke da sunan ubansa da sana'arsa, da sunan uwarsa har da sunan gidansu kafin ta yi aure. Saboda haka tsohuwar da ta rasu bayan 1855 za ta miƙo maka sunan iyayen da aka haifa tun ƙarni na 18, waɗanda su kansu ba su taɓa shiga rajistar gwamnati ba. Ta wannan ƙofa surukina ya bi. Ya hau daga ubansa zuwa kakansa, ma'aikacin ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Clyde, ya ci gaba da hawa har ya kai ga wani mai haɗa gangar zuba kifi da ya baro Helmsdale, garin bakin teku a ƙarshen kwarin Kildonan, ya sauko Gilasgo, daga nan sai uwar wannan mutum. A takardarta an rubuta cewa mai karɓar tallafin matalauta ce, 'yarta kuma da ta kai rahoton rasuwar ba ta iya sa hannu ba, alamar kuros ta yi, magatakarda ya shaida. Ƙidayar 1851, wadda ita ce ta fara tambayar gundumar da aka haifi mutum, ta ce a Kildonan aka haife ta. Ta 1861 ta ƙaro wani abu: a Sikotland an riƙa ƙidaya ɗakunan gida masu taga, nata gidan kuwa ɗaki ɗaya ne mai taga. Surukina ya cire tabarau ya goge, ya ce mini, "Hajiya, ashe kakata ba tatsuniya ta yi mini ba."

Daga 1855 zuwa baya kuwa, sai abin da Allah ya sa limamin coci ko magatakardarsa ya rubuta. Akwai gundumar da littafinta ya faro tun 1553, kamar Errol a yankin Perth, amma a tsaunukan arewa da yawa ba su fara ba sai ƙarshen ƙarni na 18, Kildonan ma tana cikinsu. Tsakanin 1783 da 1794 gwamnati ta ɗora harajin taro a kan duk sunan da aka shigar, talaka kuwa ya ga gara ya sayi gari da taron. A 1843 kuma cocin ƙasar ta dare biyu, limamai sama da 450 suka fice saboda ba su yarda mai ƙasa ya riƙa naɗa wa jama'a limami ba. Yawancin mutanen tsaunuka suka bi su, sunan 'ya'yansu ya daina shiga tsohon littafin. Ga kuma rikicin suna. A al'adarsu ɗan fari yana cin sunan kakansa na wajen uba, mai bi masa na wajen uwa, 'yar fari ta ci sunan kakarta ta wajen uwa. A kwarin da gidaje kaɗan ne suka cika shi, Sutherland da Gunn da Mackay da Matheson da Bannerman, duk shafin da ka buɗe sai ka ci karo da John Sutherland. Su a tsakaninsu, da harshensu na Gelik, suna bambancewa da laƙabi, wane ɗan wane jikan wane, ko ja, ko dogo. Mai rubutu kuwa da Turanci yake rubutawa, laƙabin bai cika shiga ba.

Daga nan muka kama hanyar A9 zuwa arewa, ta Perth, ta cikin tsaunuka har Inverness. Duk inda aka tsaya shan shayi akwai kanti mai sayar da asali a shirye. Ka faɗi sunan gidanku, a miƙo maka yadin ulu mai zane gida-gida da suke kira tatan, wai na zuri'arku ne tun fil azal, da kofin shayi mai tambarin gidan, da ɗan littafi mai hoton fada a bango. Amurkawa da 'yan Kanada da Ostareliya suna ta saye. Ban ga laifin mai kanti ba, abincinsa yake nema, amma abin bai kai tsufan da ake ba shi ba. Bayan yaƙin Culloden na 1746 gwamnati ta haramta wa mazan tsaunuka tufafinsu na gado, ba a ɗage dokar ba sai 1782. Raba wa kowane gida nasa zane kuwa ya kankama ne wajen 1822, lokacin da Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbara, marubucin nan Walter Scott ya shirya masa biki, manya suka ruga wajen masaƙa kowa a fitar masa da nasa. Tambarin ma a dokar Sikotland na mutum ɗaya ne, ba na duk mai sunan ba, har kotu gare su a kan wannan. Da wuya in tsohuwar nan mai ɗaki ɗaya ta taɓa jin labarin wani zanen Sutherland, balle ta ɗaura.

Kafin mu kai ƙasar gidan sarautar Sutherland, inda Kildonan take, surukina ya sa aka ratse a Ardgay, muka bi wata siririyar hanya wajen mil 10 a gefen kogin Carron. Irin hanyoyin nan mota ɗaya suke ɗauka. An yi 'yan wuraren raɓewa jefi-jefi, wanda ya fi kusa da wurin shi ke tsayawa, a ɗaga wa juna hannu a wuce, ban ji wanda ya danna wa wani ham ba. Can ciki akwai wata 'yar coci, Croick, ginin 1827. Ba mutanensa ne suka zauna nan ba, amma ya ce in ina so in san irin korar da ake magana, in dubi tagar gabas. A watan Mayu 1845 aka fitar da iyalai 18 daga kwarin Glencalvie, mutum wajen 90, ba don sun kasa biyan haya ba, sai don an ba mai tumaki ƙasar. Suka kafa rumfa ta tamfol da barguna a maƙabartar cocin. Cikin ginin kuwa ba su shiga ba, suna ganin kwana a ɗakin ibada rashin ladabi ne.

Gilasan tagar ƙanana ne, sai ka karkata kai haske ya buge su ta gefe kafin ka ga karce-karcen. Sunaye ne, galibi 'yan gidan Ross, da kwanan wata. Wani layi ya ce mutanen Glencalvie sun kasance a maƙabartar nan ranar 24 ga Mayu 1845. Wani kuma ya kira mutanen Glencalvie muguwar zuri'a. Wannan ne ya tsaya mini a wuya. An zalunce su, amma abin da aka bari a gilashi shi ne wai horon zunubinsu suke sha. Na ce wa surukina mu ma mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, amma imani da ƙaddara bai taɓa wanke azzalumi ba. Abin da ya sa duniya ta ji labarinsu, Malam Edita, ɗan sana'arku ne: wakilin jaridar Times ta Landan yana wurin, ya gani da idonsa ya rubuta.

Tun kafin ka isa Golspie za ka hango wani gunki a kan dutsen Ben Bhraggie, tsayinsa da gindinsa wajen mita 30, an kafa shi a 1837. George Leveson-Gower ke nan, Ba'ingile, ɗaya daga cikin mafiya dukiya a Birtaniya a zamaninsa, wanda aka ba sarautar Duke (babban basarake) na Sutherland a 1833. Ƙasar ta matarsa ce, Elizabeth, wadda ta gaje ta tana 'yar shekara ɗaya, ita ce kuma shugabar zuri'ar Sutherland, wato bisa al'ada uwa ce ga kakannin surukina. A hannun su biyun da wakilansu, William Young da Patrick Sellar da James Loch, aka kwashe dubban mutane daga kwaruruka aka jibge a gaɓar teku, domin mai garken tumaki guda zai biya hayar da ƙauyuka da dama ba za su iya haɗawa ba. A jikin gunkin an rubuta wai masu hayarsa ne suka gina shi cikin jimami da godiya.

Ba zan danne abin da masu kare gidan ke cewa ba. Yunwa tana yawan afka wa kwarurukan tun kafin kora, gidan kuma ya zuba dukiya a hanyoyi da gadoji da tashar jiragen kamun kifi. Haka ne. Amma filayen da aka yanka wa mutane a gaɓa da gangan aka ƙuntata su, ƙasa da eka uku, don ƙunci ya tura manomi teku ya koyi su, Sellar da kansa ya rubuta haka. Shi ne aka gurfanar a Inverness a 1816 bisa zargin ƙone gidaje a Strathnaver a 1814 da yin sanadin mutuwar mutane, ciki har da wata tsohuwa da aka ciro daga gida yana ci da wuta ta rasu bayan 'yan kwanaki. Kotu ta wanke shi. Filin da ya kori mutane daga kai kuma shi ne ya riga ya karɓi hayarsa don tumakinsa. To ka duba, jikan wanda aka kora ya taso daga Kanada, ya sayi kofi mai tambarin gidan da ya kori kakansa, ya tsaya a ƙofar fadarsu ya ɗauki hoto ya ce gidanmu. Wanda ya tsaya a kanti da fada zai koma da asalin wani. Nasa yana can cikin kwari, sai an taka da ƙafa.

Helmsdale ɗan gari ne a bakin kogi inda ya faɗa teku, gidan Sutherland ne ya tsara shi don kamun kifin herin, shi ya sa mai haɗa ganga ya samu sana'a a nan. Akwai gidan tarihi da ake kira Timespan, a kan tudu kuma akwai gumakan tagulla da aka buɗe a 2007: namiji yana duban gaba, yaro a gefensa, mace rungume da jariri ta waiwaya tana duban kwarin. Alƙaluman ƙidaya sun isa bayani. A 1811 gundumar Kildonan tana da mutum 1,574, a 1831 saura 257. Ba su miƙa wuya haka kawai ba. A farkon 1813 mazan kwarin sun fatattaki waɗanda aka turo duba ƙasar, sai da aka kira soja. A shekarar ce wajen mutum 100 suka karɓi tayin wani basarake, Selkirk, suka hau jirgi zuwa Kanada. Zazzaɓi ya kama su a teku, aka sauke su a Churchill, bakin Hudson Bay, suka ci hunturu a can kafin su isa Red River, inda aka zaunar da su. Yau akwai unguwar Kildonan a birnin Winnipeg, kuma John Diefenbaker, firaministan Kanada daga 1957 zuwa 1963, dangin mahaifiyarsa 'yan Bannerman ne na wannan kwari. Sauran mutanen aka share su a 1819. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma wannan karin magana ba ta hau kansu ba. Bari in ɗan ratse: mu ma ƙasarmu ta riƙe wani ɗan Sikotland, Hugh Clapperton na garin Annan, wanda ya zo Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka kuma binne shi kusa da Sakkwato a 1827. Sai dai shi da ƙafarsa ya zo.

Hanyar A897 ce ke shiga kwarin, tana bin kogi da layin dogo. Surukina bai iya ganin dogo ya yi shiru ba: ya ce a 1874 layin ya ratsa nan, lokacin da babu sauran mutanen da za su hau, tashar Kildonan kuma har yau jirgi ba ya tsayawa sai an nema. Za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga hayaƙin gida ba, sai barewa a kan tudu da masu kuɗi tsaye cikin kogi da fatsa. Matar ɗana ta sauko da taswirori biyu daga shafin babban ɗakin karatun ƙasar, ɗaya ta soja da William Roy ya jagoranta tsakanin 1747 da 1755, wadda ke nuna ƙauyuka da gonaki, ɗaya ta wajen 1870 da wani abu. Muka riƙa gwada su da abin da ido ke gani. Dokar 2003 ta ba kowa damar ratsa filin wani da ƙafa muddin bai yi ɓarna ba, saboda haka muka ajiye mota, na zura takalmin roba a ƙarƙashin abaya, muka hau.

Ƙasar tana lotsewa, ruwa na ɓulɓulowa duk inda ka taka. Ko'ina wata gajeruwar ciyawa ce mai kaushi, launin ƙasa-ƙasa, sai can a gefen tudu ka hango wani fili kore shar. Wannan koren shi ne shaida. Takin shanu da tokar murhu na shekaru aru-aru ne har yau ciyawa ke ci. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san kufai in ya gan shi, ban buƙaci a yi mini bayani ba. Ga layin duwatsu bai kai gwiwa ba, dogo siriri, ga giɓin ƙofa a tsakiya. Gida ɗaya ne mutane da shanu, mutane ta saman gangare, shanu ta ƙasa don fitsarinsu ya gangara waje. Bangon na dutse ne daga ƙasa, sauran yankakkiyar ƙasa mai ciyawa. A gefe ga wani rami zagayayye da aka jera wa dutse, na busar da hatsi da wuta, domin ranarsu ba ta isa ta busar ba. In rana ta karkata kana iya ganin sawun kunyoyi a jikin tudu. Abin da ya fi komai daraja a irin gidan nan shi ne itacen rufi, saboda yankin ba shi da itatuwa sosai, mai ƙaura da nasa yake tafiya. A nan na gane dalilin ƙonawar: wanda aka ƙone wa itacen rufi ba zai dawo ya sake kafawa ba, inda aka kai shi ma sai ya sha wuya kafin ya rufa ɗaki.

A nan muka saɓa da surukina. Takardar mutuwar tsohuwar ta ba da sunan ubanta, a jerin masu haya na gidan Sutherland da ya samo kuma akwai masu wannan suna fiye da ɗaya, kowa da ƙauyensa. Ban da haka, jerin na masu biyan haya kai tsaye ne, waɗanda ke zaune a ƙarƙashinsu ba sa ciki, alhali su ne suka fi talauci. Shi dai zuciyarsa ta kwanta da wannan kufan, ya zauna a kan dutsen ƙofa ya ce a ɗauke shi hoto da jikansa, a rubuta a ƙasa nan ne gidanmu. Na ce, "Suruki, hoto kam a ɗauka, amma a rubuta abin da takarda ta ce. Takarda ta ce Kildonan, ba ta ce wannan ƙofa ba. Yaron nan zai girma ya gaya wa 'ya'yansa, su kuma su rantse a kai." Bai ji daɗi ba, ya yi shiru har muka sauko. 'Yarsa ce ta raba gardamar, ta rubuta a bayan hoton cewa wannan ɗaya ne daga cikin ƙauyukan gundumar da aka haifi kakarsu, a irin wannan gida. Ƙwari kuma ba su bar mu mun ja maganar ba, wasu 'yan mitsi-mitsi da ba su kai sauro ba, suna zuwa gungu-gungu da zarar iska ta kwanta, har cikin mayafi.

A maƙabartar tsohuwar cocin Kildonan mun duba dutse bayan dutse. Masu rubutu na masu hali ne, wasu gansakuka ya cinye haruffansu. Talaka ɗan dutsen kogi ake kafa masa ba rubutu, danginsa ne suka san nasa, dangin kuwa sun watse. Muka ɗan haura arewa da Helmsdale zuwa Badbea, inda aka zaunar da wasu korarru a bakin wani gangare mai faɗawa teku, wurin da ake cewa har yara ɗaure su ake yi da igiya kada iska ta kwashe su. Akwai hasumiyar tunawa da aka gina a 1911, wani ɗan wurin da iyayensa suka yi ƙaura zuwa Niyu Zilan ne ya sa aka yi, da sunayen mazauna a jiki. Surukina ya karanta su duka a bayyane duk da ya san nasa ba sa ciki. Sai a 1886, bayan tarzomar tsibirin Skye ta 1882 da kwamitin binciken Napier na 1883, aka yi dokar da ta hana a kori ƙaramin manomi daga gonarsa muddin yana biyan haya. Dokar ta tsare waɗanda suka rage a gaɓa, amma ba ta mayar da kowa kwari ba.

A hanyar dawowa muka biyo ta ƙofar Dunrobin, fadar gidan Sutherland mai ɗakuna 189, wadda ake biya a shiga kallo. Surukina ya ce ko kwabo ba zai ba su ba, kakanninsa sun riga sun biya. Ya zauna a mota da jariri. Ni kuwa na sa ɗana ya yanka mini tikiti, na ce tunda na ga inda aka kwaso kuɗin, sai na ga inda aka zuba su. Lambun yana da kyau ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Shi yana cikin masu son a sauke gunkin Ben Bhraggie, an ma taɓa neman izinin haka wajen 1994 hukuma ta hana. Ni na fi son a bar shi a tsaye, a kafa allo a gindinsa da alƙaluman 1811 da na 1831. Har muka iso Aberdeen ba wanda ya ja wani.

'Yan uwanmu da ke Birtaniya waɗanda suka haɗa jini da mutanen nan, in za su bi wannan hanya, su fara gama aikin takarda kafin su tayar da mota, su kuma zauna da tsofaffin gidan su tambayi laƙabi da sana'a, domin suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Watan Mayu ya fi, kafin ƙwarin su yi ƙarfi. A cika tanki kafin a shiga kwarin, cikinsa babu gidan mai. Akwai masallaci a Inverness, abinci kuma kifi ya wadata. A lura da lokacin salla, don a tsakiyar shekara rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe 10 na dare. Surukina yanzu ya koma ɗakin karatu na Mitchell a Gilasgo, inda ake ajiye da takardun neman tallafin matalauta tun daga 1851. Jami'an wancan zamani sukan yi wa mai nema tambayoyi har su rubuta inda aka haife shi da sunan iyayensa, yana fatan mai haɗa gangan nan ya taɓa shiga matsin da ya kai shi gabansu.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Taku,
Wata tsohuwar malamar makaranta,
Zariya.